Aikin Minijob a Jamus: In Bari a Ci Gaba da Cire Min Kuɗin Fansho?

Tambaya: Ina zaune a Hamburg da maigidana, na samu aikin shara a wani kanti, irin wanda ake kira Minijob. An ba ni takarda, wai in na sa hannu za a daina cire min kuɗin fansho, in riƙa karɓar albashina cif. In sa?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗan dakata da biron nan.

Daga Janairun 2026, Minijob shi ne aikin da bai wuce Yuro 603 a wata ba. Mai kanti yana zuba miki kashi 15 cikin ɗari a asusun fansho, ko kin sa hannu ko ba ki sa ba. Naki kashi 3.6 ne, wato kusan Yuro 22 idan kina karɓar cikakken adadin. Kuɗin cefanen yini biyu bai kai ba.

Gaskiya fanshon da wannan zai ƙara miki a tsufa ba wani abin a zo a gani ba ne. Amfanin yana wajen lissafin watanni. Jamus ba ta biyan fansho sai mutum ya tara wata 60, kuma muddin kina biyan naki kason, kowane wata cikakke ake rubuta miki. Kika fita, sai a riƙa lissafa miki ɗan guntu. Sannan ga maganar rashin lafiya, Allah Ya kiyaye: fanshon wanda ciwo ya hana shi aiki yana buƙatar, ban da waɗancan watanni 60, an biya kason fansho na dole, irin wannan da ake cire miki, shekara uku cikin biyar na ƙarshe. Mai goge-goge da ɗaukar bokiti, baya da gwiwa su ne jarinta. Ni dai da ni ce, zan bari a cire.

Da a gidan wani kike aikin, lissafi ya canza: can wanda kike wa aiki kashi 5 yake biya, ke 13.6, sama da Yuro 80. Wannan kam sai an yi shawara.

Abin da ba ki tambaya ba: Minijob ba ya ba ki inshorar lafiya, duk da mai kanti yana biyan wani kaso da sunanta. Ki tabbatar maigidanki ya sa ki cikin tasa idan ta gwamnati ce, kyauta ne. Inshorar rasa aiki ma babu. Amma hutun shekara da albashin ranakun jinya haƙƙinki ne, ki tambaya tun yanzu.