Tambaya da Amsa: Me Ke Cinye Ƙwallayen Injin Niƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wurin niƙa duwatsun ma'adini, kuma da ruwa muke niƙa. Ƙwallayen ƙarfen da muke zubawa a ganga suna ƙarewa da wuri, har shugabanmu yana cewa jabu aka sayar mana. Yaya za mu gane gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ku ɗora wa mai sayarwa laifi, ku fara ɗora ƙwallayen a kan sikeli. Abu uku ke cin ƙarfe a cikin ganga: gogayya da dutse, bugu, da tsatsa. Tunda da ruwa kuke niƙa, tsatsar ce na fi zargi, domin duk sa'ad da dutse ya kankare fuskar ƙarfe, sabon ƙarfe ne ke bayyana, ruwa da iska su hau shi nan take.

Ku zaɓi wasu ƙwallaye, ku yi musu alamar da ba ta gogewa, kamar ɗan rami, ku auna nauyin kowace, ku zuba tare da sauran. Bayan an daɗe ana niƙa, a tsinto su a sake aunawa. Sai a lissafa giram nawa na ƙarfe ke tafiya a kowane tan na dutse. Wannan lissafin ne za ku kai wa mai sayarwa, ba hasashe ba.

Rarrabe tsatsa da gogayya kuwa aikin ɗakin gwaji ne. Ana niƙa dutse iri ɗaya a ƙaramar ganga, sau ɗaya cikin iskar naitirojin, sau ɗaya cikin oksijin. Abin da ya ƙaru a na biyun, tsatsa ce ta jawo shi. Wannan gwajin ya fi muhimmanci idan dutsenku na ɗauke da ma'adinan farar wuta irin su fayirait, saboda haɗuwarsu da ƙarfe a cikin ruwa tana haifar da ɗan lantarki mai hanzarta cin ƙarfen. Gishiri a ruwan niƙa ma yana ƙara ɓarna, don haka a gwada yawan gishirin da ke cikin ruwan da ma'aunin da ke auna yadda lantarki ke ratsa ruwa.

Kaifin dutsen kansa, wato yadda yake goge ƙarfe, ana auna shi da gwajin da wani injiniyan Amurka, Fred Bond, ya fitar a 1963. Farantan da ke jikin ganga kuma, a riƙa duba kaurinsu duk lokacin da aka tsayar da inji.

Idan tsatsa ce, ƙwallaye masu yawan kuromiyam, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya jure tsatsa, za su taimaka. Idan gogayya ce ko bugu, sai a duba taurin ƙarfen da girman ƙwallayen.