Me ake nufi da "an wanke gara"?

Malam, ka ce ka ji yaronka yana faɗin "an wanke gara" ba ka gane ba. Gara dai shi ne wanda idonsa bai buɗe ba, wanke shi kuwa damfararsa. Ka ga baƙo ya shigo Sabon Gari an sayar masa da tsohuwar waya a kuɗin sabuwa, to an wanke shi ke nan.

Kada ka haɗa shi da "ya ɗau wanka". Wannan ba soso ba sabulu, shadda ce ta sha guga, ga hula ga turare. "Yin wuf" kuma aure ne cikin hanzari. Samarin unguwannin Samaru da Kongo a Zariya ma "baba" suke kiran junansu, ni dai har yau bai kwanta min ba.