Kwana uku a Zanzibar, me zan gani?

Ɗan'uwa kana tambaya ko kwana uku zai isa ka zaga tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya kai da iyali, kuma daga ina za a fara. Zai isa in ba ka cika buri ba.

Fara da tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Da ƙafa ake yawonsa don lungunan mota ba ta shiga, kana tafe kana kallon ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ka leƙa kasuwar Darajani, sannan tsohuwar kasuwar bayi inda cocin Anglika yake yanzu, shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke wurin sai da ƙarfin zuciya wallahi. Bayan magariba ku sauka Forodhani, kasuwar abincin dare a bakin teku, ga gasasshen kifi ga ruwan rake, amma ka ji kuɗin abu kafin a ɗora a wuta, nan ake yankar baƙi.

Washegari kwale-kwale zuwa Prison Island ganin manyan kunkuru, tafiyar kamar rabin awa. Rana ta uku gonar kanumfari da kirfa, ko dajin Jozani wajen jajayen birai.

Kada ka zo Afrilu ko Mayu, ruwa ne ba ƙaƙƙautawa. Masu tare mutum a titi da "zo in kai ka" ka rabu da su, nemi ɗan jagora mai lasisi ta otal ɗinku. Masallatai da abincin halal kuwa ko'ina.

Maganar biza ka tuntuɓi ofishin jakadancin Tanzaniya tun kafin ka yanki tikiti, rigakafin shawara da maganin maleriya kuma ka ga likita, musamman saboda yara.