Likita ya amsa: a kammala gasa ko a jira 'yan wasa su warke?

Tambayoyin da na zaɓa a wannan makon duk daga Zariya suke, kuma duk a kan ƙwallon ƙafa ne a lokacin da korona ta sake ɗago kai tare da hunturu, har ya zama da wuya mutum ya bambance murar ƙura da cutar kanta.

Tambaya daga wani mai horarwa a Tudun Wada: Likita, barka da aiki. Gasarmu ta unguwanni ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sai yarana huɗu suka kwanta da zazzaɓi da tari, ɗaya ma ya ce ba ya jin ƙanshin abinci. Masu shirya gasar sun ƙi ɗaga wasan, suna cewa ai Turawa ma sun kammala tasu a 2020. Me ya kamata in yi?

Malam, Allah ya ba yaran lafiya. Gaskiya ne cewa Jamus ta koma fili ranar 16 ga Mayun 2020, Ingila kuma ta koma ranar 17 ga Yuni, bayan ta tsayar da Firimiya tun 13 ga Maris lokacin da gwaji ya nuna kocin Arsenal, Mikel Arteta, ya kamu. Sai dai masu kawo wannan misali suna faɗin rabin labarin ne. A Ingila an riƙa yi wa kowane ɗan wasa gwaji sau biyu a mako, an hana 'yan kallo shiga, an ƙara yawan canjin 'yan wasa daga uku zuwa biyar saboda gajiya, kuma duk wanda ya kamu sai a killace shi nan take. Faransa kuwa ta rufe tata gasar a ƙarshen Afrilu ta miƙa wa PSG kofi, Holan ta soke tata ba tare da zakara ba, mu ma a nan gida an tsayar da babbar gasar ƙasa a Maris, ba a koma ba, aka yi lissafin maki Plateau United ta kasance a sama. Wanda ya kwaikwayi komawarsu fili amma ya bar gwajin da killacewar, ya ɗauki dawa ne ya bar dutsen niƙa.

Mutum huɗu a ƙungiya ɗaya cikin 'yan kwanaki alama ce ta cewa cutar tana yawo a tsakaninku, musamman da ɗaya ya daina jin ƙanshi. Ka sani cewa filin wasan, da yake a sarari yake, shi ne wurin da haɗarinsa ya fi sauƙi. Inda ake ɗauka shi ne cikin bas ɗin da kuke cunkusuwa an rufe tagogi saboda sanyi, da ɗakin da ake sauya kaya, da ledar ruwa ɗaya da take zagaya bakin mutum uku a hutun rabin lokaci. Shawarata ita ce ka rubuta wa masu gasar kana neman a ɗaga da mako biyu, domin alamun cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin su bayyana. Marasa lafiyar su zauna a gida, a yi musu gwajin korona da na zazzaɓin cizon sauro, kada a yi ta ba su magani a kan zato. Idan an ƙi ɗagawa, ka buga da masu lafiya kawai ko ka janye.

Tambaya daga wata uwa a Gyallesu: Likita, ɗana mai shekara 19 ya yi korona, kwana biyar ke nan da zazzaɓin ya sauka. Jiya ya fita gudu ya dawo yana haki, yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi kuma zuciyarsa tana dukan uku-uku. Ya dage sai ya buga ranar Asabar.

Hajiya, wannan tambayar ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonki da ki hana shi, ko da zai yi fushi. Ƙwayoyin cuta irin na mura da korona kan bar kumburi a naman zuciya. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru to samari masu ƙarfi ya fi yi wa illa, saboda su ne suke tilasta wa zuciya aiki tun ba ta warke ba. Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki da ke bin namanta bisa tsari. Inda naman ya kumbura sai wannan wutar ta rikice, idan kuma aka haɗa da gudun da ke kai bugun zuciya 180 a minti ɗaya, tana iya daina harba jini kwatsam, yaro ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Nauyin ƙirji, da hakin da ya wuce aikin da aka yi, da bugun zuciya marar tsari, da jiri ko suma, su ne alamun da muke tsoro, ɗanki kuma ya ambaci uku daga ciki. Ki kai shi asibiti a wannan makon, kada ki tsaya a kemis. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai likitocin zuciya. Za a yi masa gwajin bugun zuciya da ake kira ECG, wataƙila da gwajin jini da hoton zuciya. Idan an tabbatar da kumburin, ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce hutun wata 3 zuwa 6 daga wasanni, kuma mafi yawan masu bin ta suna warkewa sarai. Ki ba shi labarin Alphonso Davies, wanda Bayern Munich ta dakatar daga atisaye a Janairun 2022 bayan an ga kumburi ƙarami a zuciyarsa sakamakon korona. Ƙungiyar tana matuƙar buƙatarsa a tsakiyar kaka, amma ta haƙura.

Ga wanda ya warke ba tare da waɗannan alamun ba, ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2020 ita ce hutun kwana 10 daga fara ciwon, tare da kwana 7 cur babu wata alama, sannan a fara da tafiya, a koma sassarfa, a ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako guda kafin a shiga wasa. Wani abu da nake yawan gani a unguwanninmu shi ne yaro ya haɗiye farasitamol ya rufe zazzaɓi ya shiga fili, wannan kuwa ɓoye wuta ne a cikin audugar katifa.

Tambaya daga wani ɗan wasa a Samaru: Likita, lafiyata ƙalau, amma mahaifina yana da ciwon suga da hawan jini, gida ɗaya muke. Ina tsoron in ce ba zan je sansani ba a ba wani lambata, a kuma ce ni rago ne.

Ƙanena, ba kai ka fara shiga wannan hali ba. A Mayun 2020 kyaftin ɗin Watford, Troy Deeney, ya ƙi komawa atisaye saboda jaririnsa yana da matsalar numfashi, Chelsea ma ta ba N'Golo Kante izinin zama a gida na ɗan lokaci saboda damuwarsa da cutar, kuma babu wanda zai kira Kante rago. Mahaifinka yana cikin mutanen da korona ta fi kwantarwa, don haka tsoronka yana kan hanya. Ka yi allurar rigakafi, shi ma ya yi. Idan ka je sansani, kada ka kwana ɗaki ɗaya da shi na wasu kwanaki bayan ka dawo, ka sa takunkumi idan za ka zauna kusa da shi. Ina kuma kira ga masu horarwa da su cire wa yara wannan nauyi, domin yaron da yake ganin ƙwallo ce hanyar abincinsa ba zai taɓa cewa ba shi da lafiya ba muddin ya san faɗin hakan zai raba shi da riga. Koci ne ya kamata ya sanar tun farko cewa wanda ya zauna saboda ciwo zai tarar da gurbinsa.

Tambaya daga wani mai gidan kallo a Sabon Gari: Likita, a gidan kallona ana ta musu cewa rigakafin korona ce ta kayar da Christian Eriksen a fili.

Alhaji, ba haka ba ne. Eriksen ya faɗi ranar 12 ga Yunin 2021 a wasan Denmark da Finland, kuma ƙungiyarsa ta lokacin, Inter Milan, ta bayyana cewa ba a yi masa allurar ba. Wasu nau'o'in rigakafin kan jawo kumburin zuciya ga samari ƙalilan, yawanci marar tsanani, amma cutar kanta ta fi jawo shi. Faɗuwa a fili kuma ta girmi rigakafin korona: ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya rasu a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu a garin Lafiya a Maris ɗin 2020.

Abin da ya ceci Eriksen shi ne an fara danna masa ƙirji nan da nan, aka kuma jona masa na'urar farfaɗo da zuciya. Ka isar wa masu kallonka wannan: idan ɗan wasa ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, kada a ɗura masa ruwa, kada a tura masa cokali a baki, kada a tsaya fifita da riga. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota, kuma a ci gaba da dannawa har cikin motar zuwa asibiti.