Omo ko sabulu: wanne ya dace da gida mai yara?

'Yar'uwa, kin ce ku bakwai ne a gida har da jaririya, omo ba ya kai ƙarshen wata, atamfofinki kuma sai koɗewa suke yi. Ni dai ba na wanke komai da abu ɗaya.

Yunifom ɗin 'yan makaranta da zannuwan gado, omo ne maganinsu. Ki narkar da shi a ruwa tukuna, ki jiƙa na minti 30, wuyan riga kuma ki goga masa sabulu. Atamfa da shadda kuwa sabulun wanki kawai, a juya su baibai a shanya a inuwa. Na taɓa barin shaddar maigidana ta kwana cikin omo, har yau yana yi mini gorinta.

Yawan kumfa ba shi ne fita ba. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe kumfar sabulu, omo ya fi jure masa, amma in kika zambaɗa sai ya maƙale a zare ya jawo ƙaiƙayi.

Kayan jaririya ki ware su, sabulu marar turare, ki ɗauraye sau uku. In ƙuraje suka feso mata ba su lafa ba, ki kai ta asibiti.