Tambaya da Amsa: Wai akwai mai rera kantiri da Faransanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina lodi a tashar Kawo. Tun ina yaro nake jin Don Williams da Jim Reeves a kaset ɗin mahaifina, har gobe su nake kunnawa idan na ɗauki hanyar Zariya. Rannan wani fasinja ɗan Nijar ya ce ai akwai masu irin wannan waƙa da Faransanci. Na ce ƙarya ne, muka yi ta musu har Jaji. Don Allah a raba mana gardama.
Daga mai karatunku a Kawo, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri, fasinjanka ya fi ka gaskiya. Sai dai ba Faransa za ka nufa ba, Kanada ce, lardin Kebek, inda Faransanci ne harshen gida da na kasuwa. Can ne aka yi Willie Lamothe, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka share wannan fage na kantiri, wato kiɗan kaboyi, da Faransanci, tare da irin su Marcel Martel da Paul Brunelle.

An haife shi a garin Saint-Hyacinthe a 1920. Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a barikin ne ya fara suna, yana nishaɗantar da 'yan'uwansa sojoji har suka laƙaba masa "saje mai waƙa". Bayan yaƙi ya fara buga faifai da kamfanin RCA Victor, ya sa hular kaboyi, ya rungumi jita, yana rera rayuwar doki da doguwar hanya da kewar gida.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne wannan. A lokacin, kiɗan kaboyi na Amurkawa ne, da Turanci ake yinsa. Leburan masana'anta da mai saran katako a dajin Kebek suna son kiɗan amma ba sa jin abin da ake faɗa. Lamothe ya ba su shi da irin Faransancin da suke yi a gida, ba na 'yan boko ba. Masu ji da kansu a Montreal suka riƙa yi masa kallon ɗan ƙauye, talakawa kuwa suna cika duk zauren da ya je. Duk wanda ya ga yadda mawaƙanmu suka ɗauko karin waƙoƙin Indiya suka zuba masa Hausa, ana zagi ana saye, ya san labarin.

A shekarun 1950 ya hau dandali ɗaya da Gene Autry, fitaccen kaboyin Amurka, a Montreal. Amma talbijin ne ya shigar da shi kowane gida: shirinsa mai suna Le Ranch à Willie ya gudana a tashar Télé-Métropole daga 1970 zuwa 1976, da abokinsa makaɗin jita Bobby Hachey a gefensa. Ya kuma taɓa fim, ba da wasa ba, don rawar da ya taka a fim ɗin La Mort d'un bûcheron na darakta Gilles Carle ta jawo masa lambar yabo ta finafinan Kanada a 1973.

Gargaɗi ɗaya: kada ka sa ran muryar nan ta Don Williams mai sanyi da ke kwantar da fasinja. Na Lamothe akwai zafi da raha, yawanci na rawa ne. Ni dai ba zan kunna shi da asuba ba. In za ka gwada, nemi Mille après mille a YouTube, waƙar tafiya ce, ita ta fi dacewa da mai sitiyari.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1978, ya rage fita. A 1979 Kanada ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. Ya rasu a garin haihuwarsa a watan Oktoban 1992, yana da shekara 72. Ɗansa Michel ya gaji kiɗa amma bai gaji hular ba, ƙungiyar rok ta Offenbach ya shiga.