Ja layi a littafin tambayoyin IELTS: yana sa a soke sakamako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin zana jarrabawar Turanci ta IELTS, ta takarda. Malamin da ke koya mana ya ce mu riƙa ja layi a ƙarƙashin muhimman kalmomi a littafin tambayoyi, amma wata ƙawata da ta taɓa zana wata jarrabawar Turanci ta rantse mini cewa ko ɗigo na yi a ciki za a iya soke sakamakona. Maganar wa zan ɗauka? Kuma in na rubuta amsa a littafin ban samu damar kwafa ta zuwa takardar amsa ba, za a duba mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ɗauki maganar malaminki. A IELTS ta takarda an yarda ki ja layi, ki kewaye kalma, ki yi ɗan rubutu a gefe, ki soke zaɓin da kika tabbatar ba shi ba ne. Ƙawarki kuwa ba lallai ƙarya ta yi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Jarrabawar da ta zana ce ba irin taki ba.

Waɗannan jarrabawoyi ba hukuma ɗaya ke da su ba, shi ya sa dokarsu ba ta zo ɗaya ba. IELTS, wadda aka fara a 1989, ta British Council ce da IDP ta Ostiraliya da Jami'ar Kambirij. TOEFL da TOEIC kuma na hukumar ETS ne ta Amurka. A tsohuwar TOEFL ta takarda, umarnin sashen saurare ƙarara yake cewa ba a yarda a rubuta komai a littafin tambayoyi ba. A TOEIC, musamman yadda ake gudanar da ita a Japan, ja layi ko kewaye harafi a littafin ma karya doka ne. Wanda ya taso a wannan tsari, dole ya ji tsoro in ya ga wani yana zane littafinsa.

Masu hanawar suna da hujja. Tambayoyin jarrabawa irin wannan dukiya ce, ana kashe kuɗi da lokaci wajen gwada su kafin a yarda da su, kuma akan sake amfani da wasu. In aka bar kowa yana rubutu yadda ya ga dama, da wuya mai sa ido ya bambance mai tunatar da kansa da mai kwafar tambaya don ya fita da ita. Ga kuma na kusa da kai: katon harafin da ka kewaye a littafi ana hango shi daga nesa, ba kamar ɗan ƙaramin gurbin da aka cike a takardar amsa ba. A ganina hujjar tana da ƙarfi a jarrabawar da duk amsoshinta zaɓi ne tsakanin haruffa, amma ba ta da ƙarfi sosai a IELTS inda amsoshi da yawa kalmomi ne da za ki rubuta da hannunki.

Tambayarki ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, domin a nan ake asarar maki. Amsar ita ce a'a. Za a karɓe littafin tambayoyin a ƙarshe, amma ba wanda zai buɗe shi don neman amsarki. Abin da ke kan takardar amsa kaɗai ake ba maki. Ko da kin rubuta amsar daidai, da kyakkyawan rubutu, a gefen tambayar, in gurbinta a takardar amsa fanko ne, makin ya tafi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne bambancin sashen saurare da na karatu. A saurare, kusan minti 30 ake yi ana sa muku murya, sau ɗaya tak, tambaya 40. A nan a cikin littafin za ki riƙa rubuta amsa, sannan a ba ki ƙarin minti 10 na kwafa. Kuma rubutu a littafin yana da amfani ƙwarai, don mai magana yakan ce taron ranar Talata ne, can kuma ya ce a'a, an ɗage zuwa Alhamis. Sai ki soke ta farko ki rubuta ta biyu ba tare da kin ɓata takardar amsa ba. To, da an shiga sashen karatu labari ya sauya. Minti 60 ne, nassi uku, tambaya 40, kuma babu ƙarin ko daƙiƙa ɗaya ta kwafa. Wanda ya saba da minti goman saurare yakan tara amsoshinsa a littafi yana jiran a ce "ku kwafa", sai ya ji an ce a ajiye alƙalami. Shawarata, da kin gama nassi ɗaya ki kwashe amsoshinsa zuwa takardar amsa kafin ki taɓa na gaba. Ki kuma riƙa duba lamba. In kika tsallake ta 14 don ta yi wuya, ki bar gurbinta a buɗe, in ba haka ba amsar 15 za ta zauna a 14, sauran duk su bi ta a karkace.

Shi kansa ja layin a yi shi da hankali. Na sha ganin littafin ɗalibi a wajen gwaji da aka ja wa kusan kowane layi, har ba a gane abin da ake son a tuna. Fara da tambayar: kewaye sunan mutum, shekara, adadi, da kalmomin da ke juya ma'ana irin su "kaɗai", "duka", "ba". Kewaye umarnin da ya ce kada amsa ta wuce kalma biyu, domin in kika rubuta uku an soke ta ko da ma'anarta daidai ce. A cikin nassin kuwa, inda kika samo amsa ki sa lambar tambayar a gefe, don in kin dawo dubawa kada ki sake karanta shafin gaba ɗaya. A sashen rubutu za ki iya tsara gaɓoɓin bayaninki a takardar tambaya kafin ki fara. A sashen magana ma, kashi na biyu, za a miƙo miki takarda da abin rubutu, a ba ki minti ɗaya ki shirya.

Abubuwan da ke jawo soke sakamako daban ne: buɗe littafi kafin a ba da izini, ci gaba da rubutu bayan an ce a tsaya, yage shafi, fita da littafin ko wata takarda, rubuta tambaya a hannu ko a jikin wani abu, da shiga da waya. Waɗannan babu sassauci a kansu.

In kuma kika koma IELTS ta kwamfuta, za ki iya shafa wa kalma launi da ajiye ɗan rubutu a fuskar kwamfutar, sai dai minti 10 na kwafa babu shi, minti 2 ake bayarwa na dubawa. TOEFL ta intanet, wadda aka fara a 2005, takardar rubutu ake ba ki a cibiya, a karɓe a ƙarshe. Mai yin ta a gida kuwa ƙaramin farin allo yake amfani da shi, ya goge a gaban kyamara. A PTE kuma, wata jarrabawar Turanci ta kwamfuta, ɗan littafi mai goguwa suke bayarwa da alƙalaminsa.

Batun fensir ko biro, ki bi abin da cibiyarki ta rubuto miki a saƙon tabbatar da rajista, don an sauya wannan ƙa'ida a wasu wurare a 'yan shekarun nan, kuma ki yi gwajin gida da irin abin rubutun da za ki riƙe a ranar. In biro ne, babu gogewa, sai dai ki soke kuskure da layi ɗaya ki rubuta amsar a gefensa yadda za a iya karantawa. Allah ya ba da sa'a.